Ƙara wa Zobo Ƙamshi: A Tafasa, a Tsima, a Dafa Ruwan Haɗi, ko a Ɗiga Filebo?

Duk mai haɗa zobo a Bauchi, na gida ne ko na sayarwa, ta san wannan damuwar. Launi ya fito, tsami da zaƙi sun daidaita, amma da an kai baki sai a ji shi salam, babu abin da ke tashi a hanci. Haka ma wadda ta sayi zobon nan da ake haɗowa a leda ko a ƙunshi irin na ganyen shayi, an rubuta citta da kanumfari a jikinsa, ta jiƙa ta samu launi kaɗai. Abin da ke fara zuwa rai shi ne a ƙara kayan ƙamshi. To amma mata da yawa sun ƙara, sun ninka kanumfari, sai suka ƙare da zobo mai ɗaci da ke kashe harshe. Ni a ganina, lokacin da kika saka kayan da zafin ruwan da suka tarar sun fi yawansu tasiri. Hanyoyi biyar ake bi, kuma kowace da wadda ta dace da ita.

Kafin a shiga cikinsu, ya kamata a san abin da ke faruwa a tukunya. Abu biyu muke nema a jikin kayan ƙamshi. Na farko yaji da ɗan ɗaci da bauri, waɗanda ke ba zobo nauyi a baki. Waɗannan sai da zafi da lokaci suke fita, kuma idan sun fita suna zama a ruwan. Na biyu shi ne ƙamshin kansa, wanda mai ne mara nauyi da ke bin tururi. Idan ƙamshin tukunyarki ya kai ƙofar gida, wannan da ya kai can ya bar zobon ke nan, ba zai dawo ba. Shi ya sa doguwar tafasa ke ƙara yaji tana rage ƙamshi.

Saboda haka nake raba kayan gida biyu. Akwai masu tauri da ke jure wuta: busasshiyar citta, kanumfari, kimba, kirfa, masoro, da bawon abarba. Akwai kuma masu laushi da wuta ke ɓata su: ɗanyar citta, na'a-na'a, bawon lemu, da kokwamba. Hatta citta ba ɗaya ba ce. Idan ta bushe, sinadarin yajinta yana rikiɗa ya ƙara zafi, shi ya sa busasshiya ta fi yaji nesa ba kusa ba, ɗanya kuma ta fi ta ƙamshi mai ɗan kama da na lemun tsami. Wadda ta musanya ɗaya da ɗaya a awo guda za ta ga bambanci.

Ma'aunin da zan auna su da shi

Na farko ɗanɗano: me hanyar ke fitarwa, me take zubarwa. Na biyu farashi, kuma ba kuɗin kayan kaɗai ba, har da gawayi ko gas. Tun da wata cutar shuka ta cinye gonakin citta a Kachia da Kagarko da Jaba na jihar Kaduna a daminar 2023, citta ta daina zama abin da ake zubawa ba lissafi. Zobon kansa ma ba mu kaɗai ke nemansa ba, don 'yan kasuwa na tara shi a Kano da Jigawa su fitar da shi waje, galibi zuwa Meziko, saboda haka arahar kaka ba ta daɗewa. Na uku ɗorewa: kwana nawa ƙamshin ke kaiwa, kwana nawa kuma zobon ke kaiwa bai juya ba. Na huɗu sauƙin aiki. Na biyar haɗari, wato ɗaci, da lalacewa, da abin da zai taɓa lafiyar mai sha.

Duk awon da zan ambata na ruwa lita 10 ne, wanda ke ba da gora kusan ashirin na rabin lita, da busasshen zobo kamar giram 350 zuwa 400.

Hanya ta farko: a tafasa komai tare

Ita ce wadda muka tashi muka tarar. A wanke zobo, a zuba a tukunya da citta da kanumfari da bawon abarba, a bar shi ya yi ta tafasa rabin awa ko fiye, a sauke a tace.

Zobon da take bayarwa mai ƙarfi ne, mai yaji, mai nauyi a baki, irin wanda dattawa da masu mura ke so. Kayan da take ci ba su da yawa, domin wuta na tatso duk abin da ke jikinsu: busasshiyar citta cikin tafin hannu ɗaya da aka ɗan daddaka, da kanumfari cokali ɗaya na cin abinci, sun isa lita 10. Inda take cin kuɗi shi ne makamashi, don tafasa lita 10 na rabin awa ba ƙaramin gawayi ba ne.

Wajen ɗorewa babu wadda ta fi ta a cikin hanyoyin kayan gargajiya, tunda duk abin da ya shiga gora ya ga wuta. Wajen sauƙi ma haka, tukunya ɗaya ce, yarinya ma za ta iya.

Aibinta uku ne. Ƙamshi na guduwa, kamar yadda na faɗa. Kanumfari kuma idan ya daɗe a wuta yana sakin sinadarin nan nasa da ke kashe zafin haƙori, to shi ne ke sa harshe ya mutu, zobon ya koma kamar magani. Sannan launin zobo ba ya son doguwar wuta. Jan nan mai haske yana dusashewa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, bauri kuma ya ƙaru. Wadda ta zaɓi wannan hanyar, ta fara tafasa kayan masu tauri su kaɗai na minti 15 da murfi a rufe, sannan ta zuba zobo ya samu minti 10 kacal. Kimba kuwa a fasa ta a cire 'ya'yan, ɗacin a cikinsu yake, ƙamshin hayaƙin nan mai daɗi kuma a kwasfar yake. Ƙwaya biyar ko shida sun wadatar.

Hanya ta biyu: a tsima bayan an sauke

Nan ne nake ganin yawancin masu ƙorafin rashin ƙamshi za su samu biyan buƙata ba tare da sun sayi wani sabon abu ba. Ki dafa zobonki yadda kika saba, da kayan masu tauri kaɗan. Da kin kashe wuta, ki jira tafasar ta kwanta na minti biyu ko uku, ki zuba gurzajjiyar ɗanyar citta kamar kofi ɗaya, da damin na'a-na'a guda, da bawon lemu biyu, ki rufe tukunyar ruf. Kada a buɗe sai bayan minti 20 zuwa 30. Idan kin buɗe, ruwan da ya taru a cikin murfi ki karkata shi ya koma tukunya, ƙamshi ne zalla.

Abin da ya sa wannan hanyar ke aiki shi ne ruwan na da zafin da zai fito da man ƙamshi, amma ba ya tafasa balle ya kore shi. Zafin kuma ya isa ya kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke jikin ganye da bawo, tunda ruwan na daɗewa sama da digiri 70 a rufaffiyar tukunya mai lita 10.

Bawon lemu na buƙatar kulawa. Man ƙamshin a fatar waje yake, mai launin. Farin ɓargon da ke ƙarƙashinta ɗaci ne kawai. Ki feƙe shi siriri da wuƙa mai kaifi, kuma ki wanke lemun da kyau kafin nan, don lemun da ke sauka a kasuwar Muda Lawal ya sha tafiya daga Binuwai cikin buhu da ƙura. Na'a-na'a kuma kada ta wuce rabin awa, idan ta daɗe sai ta koma ƙamshin dafaffen ganye.

Farashinta ya ɗan ɗara na hanyar farko ta fuskar kaya, don ɗanyar citta ta fi shiga da yawa, amma ba ta ƙara ko gawayi ɗaya. Ƙamshin yana da ƙarfi a ranar farko da ta biyu, daga nan ya fara sauka. Ɗanyar citta na barin farin gari a gindin gora, ba lalacewa ba ne, sitacinta ne, amma mai saye bai san haka ba. Maganinsa a tace da ƙyalle mai laushi, a bar shi ya kwanta na awa ɗaya, a tsiyaye na sama.

Wannan ce kuma hanyar da ta fi dacewa da zobon leda da aka riga aka haɗa. Kayan ƙamshin da ke cikinsa niƙaƙƙu ne, kuma niƙaƙƙen abu ba ya riƙe ƙamshi watanni a kan kanta. Yajin na nan, ƙamshin ne ya tafi. Ba sai kin ƙara busasshiyar citta ba, ɗanyun kaya yake nema.

Hanya ta uku: tsimin sanyi

A tace zobo, ya huce, a sa a firji, sannan a zuba kokwamba da aka yayyanka, ko na'a-na'a, ko yankan abarba, su kwana a ciki awa 8 zuwa 12, da safe a tace. Wasu ma zobon kansa a ruwan sanyi suke jiƙa shi ya kwana.

Maganar gaskiya, babu hanyar da ta kai wannan daɗi. Kokwamba ba ta da wata hanyar shiga zobo sai wannan, don ko ɗumi ta ji ta lalace. Launin yana fitowa ja garau, baurin kaɗan ne, ƙamshin kuma kamar yanzu aka tsinko kayan. Ba ta cin wuta sosai idan an jiƙa zobon da sanyi, sai dai tana cin zobo da kaya fiye da sauran, tunda ruwan sanyi ba ya tatsowa sosai.

Amma ita ce mafi haɗari, kuma a nan zan tsaya in yi bayani sosai. Duk ɗanyen abin da kika saka a zobon da ya huce, kin saka shi ne da ƙwayoyin da ke jikinsa. Bawon abarba ya fi kowa, don yana ɗauke da yis na halitta. A Meziko ma da gangan suke jiƙa bawon abarba da sukari a ruwa ya yi 'yan kwanaki ya tashi ya yi kumfa. Yis idan ya samu sukari da ɗumi, aikinsa shi ne ya mai da sukarin iska da barasa. Goran da kika ga ya kumbura ya yi tauri, ko ya yi tsiit da aka buɗe, ko zobon ya fara cizon harshe da ɗan wari mai tsami, to abin da ya faru ke nan. Ga Musulma wannan ya wuce maganar asarar jari. Malamai kan kawo hadisin Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya sa a shayar da shi ko a zubar. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi, da rana kan kai digiri 40, zobo mai sukari da ɗanyen bawo a ciki ba ya kai wannan wa'adin idan babu sanyi. Yini ɗaya ma yana iya juyawa.

Don haka sharaɗin wannan hanya firji ne mai sanyi da gaske, ƙasa da digiri 5, wanda ba ya mutuwa cikin dare. Wadda ke da sola ko take layin da wuta ke zama, bismillah. Wadda ke dogaro da ƙanƙarar saye a kula, ta haƙura da ita. Ko da firjin, kada a sa sukari sai an tace, kada a sa ɗanyen bawon abarba ko kaɗan, naman kawai, kuma a shanye cikin kwana biyu. Ruwan da za a jiƙa zobon da shi a tafasa shi tukuna ya huce.

Hanya ta huɗu: ruwan haɗi da aka dafa daban

Wannan ta masu sana'a ce. A ƙaramar tukunya ki zuba ruwa lita 2, da busasshiyar citta, kanumfari, kimba, sandar kirfa, da masoro kaɗan. Ki rufe, ki rage wuta, ya dahu a hankali minti 20. Ki kashe, ki zuba ɗanyar citta da bawon lemu su tsima a rufe, ki tace, ki zuba sukari gwargwadon yawan ruwan, kofi da kofi, ki mayar wuta ya narke ya ɗan tafasa. Ki adana a kwalbar gilashi da aka wanke da ruwan zafi. Zobon kuma ki dafa shi shi kaɗai, ba komai a ciki. Lokacin haɗawa sai ki riƙa zuba ruwan haɗin da ludayi kina ɗanɗanawa.

Fa'idarta babba ita ce zobonki na yau zai zama irin na jiya. Mai sayarwa a bakin makaranta ko ɗaliban Yelwa ta san kwastoma na yafe tsada, amma ba ya yafe a ba shi abu daban kullum. Idan kin gano ludayi huɗu ne ke yi wa lita 10, shi ke nan, ko ba kya gida za a haɗa daidai. Sannan idan kanumfari ya yi yawa, lita 2 ce ta samu matsala, kuma ana gyara ta da rage awo, ba tukunyar zobo gaba ɗaya ba. Gawayi ma na raguwa, don doguwar dahuwar a ƙaramar tukunya ake yin ta, sau ɗaya a mako. Ruwan haɗi guda kuma zai yi miki aiki a lemun tsamiya da lemun citta.

A firji yana kai mako biyu lafiya lau. Babu firji, 'yan kwanaki ne, sai dai idan an ninka sukarin, kofi biyu a kofin ruwa ɗaya, wanda ke ƙara masa kwana. Wadda ke da firiza ta daskarar da shi a ƙananan robobi.

Wahalarta a farko take: sai kin gwada sau da dama kafin ki tsayar da awonki, kuma jarin sukari na fita lokaci guda. Abin kiyayewa biyu ne. Kada a sa garin kirfa, sandar za a sa, don garin na yin yauƙi a ruwa. Kuma cokali mai jiƙe ko wanda aka ɗanɗana da shi kada ya shiga kwalbar, nan da nan fumfuna ke hawa. Kayan ma ki saye su ɗai-ɗai a kasuwar Wunti ki daka da kanki. Garin citta na awo ba ki san shekarunsa ba, ba ki kuma san abin da aka cuɗa masa ba.

Hanya ta biyar: filebo da hodar leda

Murfi ɗaya ko biyu na filebon abarba, ko ledar hodar lemu guda biyu, an gama. Babu abin da ya kai ta sauƙi, kuma idan aka raba kuɗin a kan gora ashirin, babu abin da ya kai ta araha. Ƙamshin ba ya sauka har zobon ya ƙare, kwalbar kuma na wata da watanni a ajiye. Ba ta shigo da ƙwayoyin da ke sa zobo ya tashi ba, sai dai ba ta hana shi lalacewa ba.

Ban raina ta ba, mata da yawa da ita suke riƙe da gida. Amma ƙamshinta a hanci yake tsayawa, ba ya sauka baki, ba ya ba da yaji ko nauyi. Idan ya yi yawa kuma yana barin maƙaƙi. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki guji wanda aka ɗura a kwalbar da ba suna. Ki karanta jerin kayan da ke jiki, domin wasu filebo a barasa ake narka su, wasu kuma a wani sinadarin daban. Hodar leda da yawa na ɗauke da kala da zaƙin da ba na sukari ba, to a rage sukari idan an sa ta, in ba haka ba zaƙin zai yi gundura. A zuba bayan zobo ya huce, zafi na kore ta kamar yadda yake kore na gargajiya.

| Hanya | Ɗanɗano | Farashi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tafasa tare | Yaji da nauyi, ƙamshi kaɗan | Kaya kaɗan, wuta da yawa | Mai kyau | Sosai | Ɗaci, dusashewar launi |
| Tsimawa bayan saukewa | Ƙamshi da yaji daidai | Matsakaici | Ƙamshi kwana biyu | Da sauƙi | Ɗacin bawon lemu, gari a gindi |
| Tsimin sanyi | Mafi daɗi | Kaya da yawa, sai firji | Kwana biyu a sanyi | Sai jira | Tashi da kumfa, ciwon ciki |
| Ruwan haɗi | Duk yadda kika tsara | Jari a farko, sauƙi daga baya | Mako biyu a firji | Sai an koya | Fumfuna idan ba tsafta |
| Filebo ko hoda | Ƙamshi ba nauyi | Mafi araha | Ƙamshi ba ya sauka | Sosai | Jabu, maƙaƙi |

Akwai abubuwa uku da ke iya rusa kowace hanya a cikin biyar ɗin. Babba a cikinsu kanwa ce. Ana sa ta don a kashe tsami a rage cin sukari, kuma tana yi. Amma tsamin nan shi ne garkuwar zobo, shi ke hana ƙwayoyin cuta sakewa, shi ke riƙe jan launi. Da an sa kanwa launin ke komawa baƙi-baƙi, zobon kuma ya fi saurin lalacewa, sannan tana danne ƙamshin citta. Idan tsami ya dame ki, ki zaɓi zobo mai duhu a kasuwa, ya fi mai hasken ja sauƙin tsami, ko ki rage lokacinsa a wuta, ko ki haɗa da dabino ko mazarƙwaila. Na biyu tukunya: zobo mai tsami ne, yana cin tukunyar dalma idan ya kwana a ciki, ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe. A tace shi da wuri a juye a silba ko roba mai kyau. Na uku gora. Wadda aka tsinto ko aka sayo an yi amfani da ita, a wanke ta da sabulu ciki da murfi, a ɗauraye, a kife ta bushe, kuma kada a ɗura zobo da zafinsa, robar na lanƙwashewa. Masu sa hodar hana lalacewa su sani a cikin tsami take aiki, haɗa ta da kanwa ɓarnar kuɗi ce, kuma ba a zuba ta da ka sai da awon da aka rubuta.

Sannan a tuna zobo na sauke hawan jini kaɗan. Mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita kafin su mai da shi abin sha na kullum, balle mai kanumfari da yawa.

To wace hanya ce taki?

Idan na gida kike yi, a sha a yini ɗaya ko biyu, hanya ta biyu ce. Busasshiyar citta da kanumfari kaɗan a wuta, ɗanyun kaya bayan an sauke, murfi a rufe. Ita ce kuma amsar wadda ta sayi zobon leda ta ji shi lami.

Idan kina sayarwa kullum, kina aika yara da kula ko kina ajiyewa a shago, ki daure ki koyi ruwan haɗi. Idan jarin bai kai ba tukuna, ki tafasa citta da kanumfari da bawon abarba don nauyi, ki ɗiga filebo rabin abin da kika saba. Wannan haɗin ya fi filebo zalla nesa, kuma bambancin kuɗinsu kaɗan ne.

Idan babu firji a gidan, ko zobon zai yi tafiya, a ce daga Bauchi zuwa biki a Dass ko Azare, ki tsaya a hanya ta farko. Duk abin da zai shiga gora ya ga wuta, babu kanwa, kuma in da hali a tafi da sukarin daban a haɗa a can.

Zobon buɗa baki, wanda ake haɗawa da hantsi a sha da magariba, ya fi kyau da hanya ta biyu, a rage masoro da busasshiyar citta don cikin da ya wuni babu komai ba ya son yaji mai yawa. Masu raba sadaka a masallaci da bokiti-bokiti kuwa ruwan haɗi zai sauƙaƙa musu aikin wata guda.

Walima ko suna, inda ake haɗa lita hamsin ko fiye kuma hannu da yawa ke aikin, ruwan haɗi ne ma, a dafa shi ana gobe, zobon kuma a dafa shi da asubar ranar.

Tsimin sanyi na bar wa wadda ke da tabbacin wuta kuma baƙin nata ba su wuce cikin falo ba: jug ɗaya ko biyu, kokwamba da na'a-na'a, a haɗa da daddare, a tace da safe, a sa sukari dab da sha, abin da ya rage bayan kwana biyu a zubar.